Kududdufi, Indararo da Rariya: Yadda Tsohon Birnin Kano Ya Zauna da Ruwan Damina

Da zarar watan Agusta ya kama, magidanta da yawa a Kano sukan kwana da kunne ɗaya a kan kwanon rufi. Idan aka ɗauki awa guda ana sheƙa ruwa, tsakar gida ta cika, ruwan lungu ya dawo ta rariya maimakon ya fita, mata da yara su tashi da bokiti da tsintsiya cikin dare. Da gari ya waye sai a kira birkila, a sayo tifar ƙasa, a ƙara ciko, a ɗaga dokin ƙofa da bulo ɗaya ko biyu, a sake malala siminti. Baɗi maƙwabci ya yi nasa, ya ɗara na wancan tsawo, ruwan ya koma gidan wanda ba shi da halin ciko. Abin da nake son kafawa a nan shi ne cewa wannan wahala tana da tarihi, kuma tarihin yana nuna inda kuskuren yake. Tsohon birnin Kano yana da wani lissafi da yake daidaita gini da ruwa: duk gidan da aka tayar yakan bar rami a kusa da shi, ramin kuma shi yake karɓar ruwan da gidan ya zubar. Ginin zamani ya rushe wannan lissafi ba tare da ya kawo wani a madadinsa ba, shi ya sa duk gyaran da ya tsaya a kan korar ruwa daga gida zuwa waje ba ya ƙarko.

Sai an fara da yanayin ruwan kansa. Kano ba ƙasar yawan ruwa ba ce. Abin da take samu a shekara bai cika wuce milimita 800 zuwa 900 ba, ƙasa da rabin abin da Fatakwal take samu. Amma kusan dukansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, kuma yakan zo da ƙarfi, hadari ɗaya ya juye abin da ƙasa ba za ta iya shanyewa a lokacin ba. Lissafin ba shi da wuya: milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Fuloti mai ƙafa 50 a 50 ya kai murabba'in mita 230 da 'yan kai. In aka yi ruwa mai milimita 50 a dare ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a tsakiyar damina, wannan ɗan fili ya karɓi lita fiye da 11,000, wato duro fiye da 55. Idan rufin kwano ne, tsakar gidan kuma siminti ko tayil, kusan duk wannan ruwa zai nemi ƙofa cikin 'yan mintoci. A tara na gida ɗari a unguwa ɗaya, sai a ga cewa ba ƙaramar kwata ce za ta ɗauke shi ba.

Mutanen da suka zauna a gindin Dala, suka ja ganuwa tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, sun yi gini ne da ƙasar da suke takawa. Magini yakan haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a tattake da ciyawa ko kashin doki, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a mulmula tubali a shanya. Ƙasa kaya ce mai nauyi, jaki kuma ba ya ɗaukar da yawa, don haka ba wanda zai je nesa nemanta in akwai a kusa. Kowace unguwa sai ta samu wurin da take ɗiba, kuma ba ɗiba ɗaya ba ce, domin ginin ƙasa yana son yaɓe kusan kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Haka ramin yake zurfi yana faɗi gwargwadon yadda unguwar take girma. Ganuwar ma haka: ƙasar da aka tara ta zama badala daga gefenta aka haƙo, ramukan suka zama jerin kududdufai da suka bi ta, irin su Hauren Shanu da sauran waɗanda mutanen Kano suka sani a gefen titin da ya nufi tsohuwar Jami'ar Bayero. Nan ne gindin maganar. Girman abin da aka gina a sama yana tafiya da girman ramin da aka bari a ƙasa, ramin kuma yana wuri mafi gangare, domin duk inda aka haƙa nan ruwa zai nufa.

Daga rufin soro zuwa wannan rami akwai hanya mai matakai, kowane mataki da mai kula da shi. Rufin ƙasa da aka ɗora a kan azarar giginya ba shimfiɗe yake sak ba. Magini yakan ba shi ɗan karkata zuwa kusurwar da ya huda rawanin ginin ya sa indararo. Shi indararo, na yumɓu ne ko na itace, daga baya na gwangwani, ana barin shi ya yi tsawo ne don ruwan ya faɗi nesa da gindin bango, kuma inda zai faɗi akan ajiye dutse ko fasasshiyar tukunya don kada ya ƙwaƙule ƙasa. A wasu gidajen akan sassaƙa wa ruwan hanya a jikin bangon a shafe ta da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin da majema suka kankare daga fata da ruwan dafara. Sauran bangon a shafe shi da makuba, daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Tsakar gida kuwa ƙasa ce. Inda aka yi daɓe ma, ba duka ake rufewa ba, akwai gindin bishiya, akwai turken dabbobi, akwai gefen rijiya, duk suna shan nasu rabon. Abin da ya rage sai ya bi gangaren da aka yi wa gidan tun ranar da aka sa harsashi, ya fita ta rariya a gindin katanga, ya shiga lungu. Lungun ba a miƙe yake ba, kuma ƙasa ne, saboda haka ruwan yana tafe yana rage gudu har ya faɗa kududdufi. In kududdufi ya cika ya tumbatsa, ya miƙa wa na gaba, daga nan zuwa Jakara, wadda ta ratsa birnin ta wajen Kasuwar Kurmi ta fice ta arewa maso gabas. Ruwan da ya zauna a ramukan kuma ba asara ba ne: yana tsiyaya a hankali ya ciyar da rijiyoyin gidajen da ke kewaye, da rani a yi tubali da shi, a shayar da dabbobi, a yi ɗan lambu a bakinsa.

Akwai kuma doka a bayan wannan tsari, ba al'ada kaɗai ba. Fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne na alƙalan Kano tun zamanin da Shehu Magili ya zo birnin a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi magana mai yawa a kan ruwan da yake fita daga gida. Wani magini na Tunis mai suna Ibn al-Rami ya tattara hukunce-hukuncen gini na wannan mazhaba a ƙarni na 14, kuma a cikinsu an bambanta ruwan sama da ruwan wanke-wanke: na farko yana da haƙƙin bin hanyarsa, na biyu mai gida ne zai san yadda zai yi da shi ba tare da ya cuci masu wucewa ba. Asalin ƙa'idar shi ne kada ka cutar, kada a cutar da kai. Mutum ba shi da ikon juya indararonsa ya zuba a bangon maƙwabci, na ƙasa kuma ba shi da ikon toshe tsohuwar hanyar da ruwan na sama ya saba bi. Irin wannan rigima mai unguwa yake fara ji, in ta gagara a nemi ra'ayin magina, waɗanda suke da sarkinsu, kafin ta kai gaban alƙali. Muhimmin abu shi ne an ɗauki hanyar ruwa a matsayin haƙƙin da ya ratsa gidaje da yawa, ba abin da kowa zai yanke wa kansa hukunci a kai ba.

Mai karatu zai iya cewa wannan ƙawata baya ce, kuma yana da shaidu masu ƙarfi. Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da ya shiga Kano a 1824, ya rubuta cewa fadamar da ta kusa raba birnin biyu da ramukan da aka haƙa don gini sun sa garin ba shi da lafiya, ya kuma koka da warin ruwan da yake fitowa daga gidaje zuwa hanya. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo a 1851, shi ma bai yaba wa Jakara ba. Ba ƙarya suka yi ba. Kududdufi gidan sauro ne, yaran da suke wanka a ciki suna kamuwa da tsargiya, kuma babu tsohuwar unguwar da ba ta da labarin yaron da ruwa ya ci. Wanda ya ce a dawo da wannan yadda yake bai damu da rayukan mutane ba. Amma a lura da abin da shaidun suke nunawa. Abin da baƙin suka ƙyamata shi ne ƙazanta da ruwan da ya daɗe a kwance, wato cakuɗa ruwan sama da najasa da shara, abin da fiƙihun kansa ya hana. Aikin ramin na tare ambaliya daban ne, kuma a kansa ba su kawo suka ba. Clapperton ma ya ambaci cewa wurin da kasuwa take ci yakan cika da ruwa da damina, abin da yake nuna cewa birnin ya san akwai filin da yake na ruwa ne na wasu watanni, ya bar masa. Maganin kududdufi mai cuta shi ne a tsabtace shi, a kewaye shi, a yi masa mafita don kada ruwa ya daɗe. Cike shi kuwa yana kawar da ramin ne kawai, ruwan da yake karɓa yana nan zuwa kowace shekara.

Wani kuma zai ce ai babu wanda ya zauna ya tsara wannan, ramuka ne kawai da buƙatar gini ta haifar. Na yarda, kuma a ganina wannan ne ma ya sa tsarin ya daɗe. Bai dogara da hangen nesan wani sarki ko kuɗin wata hukuma ba. Sana'ar ginin ce da kanta take samar da shi, ko mai ginin ya yi niyya ko bai yi ba. Haɗarin irin wannan tsari shi ne, tunda ba a rubuta shi ba, ranar da sana'ar ta canza sai ya tafi ba wanda ya lura an yi rashi.

Haka kuwa aka yi, a hankali. Turawa sun ci Kano a 1903, shekara shida bayan Ronald Ross ya tabbatar cewa sauro ne yake yaɗa zazzaɓi, don haka sun zo da idon da yake ganin duk ruwa a kwance a matsayin abokin gaba. Sun zauna a Nasarawa nesa da birni, dokar Gwamna Lugga ta tanadi fili mai yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, aka sa duba-gari suna leƙa randuna da kwatoci, ana zuba mai a kan ramuka ana cike waɗanda za a iya. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, ya sauƙaƙa shigo da kwanon rufi da siminti. Sannan a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka jawo ruwan famfo daga Challawa. Wannan alheri ne babba, amma ya zo da wani sakamako da ba a cika ambata ba: gidan da a da yake amfani da 'yan tuluna a rana ya koma zubar da ruwan wanka da wanki mai yawa, rani da damina, ta cikin rariyar da aka yi don ruwan sama na wata huɗu. Lungun da yake bushewa wata takwas ya zama mai kwata kullum, kududdufin da yake ƙafewa ko ya ja baya da rani ya koma baƙin ruwa mai wari duk shekara. Mafi yawan munin da mutanen yau suka sani na kududdufi daga nan ya ƙaru.

Babban sauyin ya zo da kuɗin man fetur a shekarun 1970, lokacin da bulo ya kori tubali. Yashin bulo daga rafi ake kwaso shi a tifa, siminti daga masana'anta mai nisan ɗaruruwan kilomita, saboda haka sabon gida ba ya barin rami ko na taku ɗaya a unguwarsa. Ga shi kuma yana zubar da ruwa fiye da gidan ƙasa, da sauri fiye da shi. Ramukan da aka gada kuwa sun rasa mai buƙatarsu: magini ya daina zuwa, sai mai shara. A zuba bola shekara da shekaru har wuri ya yi tudu, wani ya kafa rumfa, wani ya sa harsashi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, ta sa ya zama abu mai sauƙi a mai da irin waɗannan wurare fulotai da takarda, tunda a kan taswira fili ne da ba kowa. Gidan da aka gina a kan cikakken kududdufi shi ne ya fi kowane shan wahala, bangonsa yana tsagewa don shara ba ta ɗaukar nauyi, damshi yana hawa har taga, kuma ruwan unguwa bai manta hanyarsa ba. Damina mai nauyi irin ta 1988, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle gidaje masu yawa suka rushe a Kano, ta nuna yadda abin yake in ruwa ya wuce ƙima. Jakara kanta an matse ta da gine-gine, aka zuba mata kankare, a wa'adin Gwamna Kwankwaso na biyu aka fara aikin rufe ta da titi. A 2022 ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari ya lalata dukiya mai yawa, 'yan kasuwa da dama suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi a kan magudanai.

Suka ta uku ita ce wadda aka fi ji a rediyo: laifin leda ne da masu zuba shara a kwata, in aka yashe magudanai shi ke nan. Yasa wajibi ne, kuma unguwar da matasanta suke fitowa aikin gayya kafin damina tana ganin amfaninsa. Sai dai kwata hanya ce, ba ma'aji ba. Ko an share ta tas, abin da za ta yi shi ne ta kai ruwan unguwar tudu zuwa unguwar kwari da gaggawa, duka a lokaci ɗaya. Abin da kududdufi da tsakar gida ta ƙasa suke yi shi ne jinkirtawa, su riƙe ruwan awa biyu ko kwana biyu su sake shi kaɗan-kaɗan. Lambatu komai faɗinsa ba ya wannan aiki. Ga kuma wani abu da duk mai yawo a cikin birni zai gani da idonsa: kowane sabon aikin titi ana ɗora shi a kan na da, har ya zama akwai tsofaffin gidajen da sai an sauka matakala biyu ko uku kafin a shiga zaurensu. Rariyar irin wannan gida tana ƙasa da kwatar da ya kamata ta zuba a ciki, don haka yasa ba za ta cece shi ba.

To me ya rage wa mai gida, tunda birnin da Barth ya ƙiyasta mazaunansa da kimanin 30,000, mafi yawan cikin ganuwarsa gonaki, yanzu miliyoyi ne, kuma ba mai komawa tubali? Abin da za a ɗauko daga tsohon tsarin shi ne lissafinsa: wanda ya rufe ƙasa ya tanadi inda ruwan zai zauna. A aikace wannan yana farawa daga rufi, domin shi ne mafi girman fili a yawancin gidaje. A sa wa kwano makwarara a kai ruwan tanki, a garin da ake sayen ruwa a jarka wannan riba biyu ce; a bar ruwan farko ya wanke ƙura ya zube, a rufe bakin tankin da raga saboda sauro. Tsakar gida a ba ta gangare daga jikin bango, kamar santimita 2 a kowace mita, a kuma bar wani sashe ba siminti, ko a shimfiɗa tsakuwa ko intalok a kan yashi ba tare da an liƙe tsakaninsu ba. Inda ƙasa take sha, a haƙa rami a cika da duwatsu don ruwan sama kaɗai, a nesanta shi da harsashi kamar mita 5, kada kuma a haɗa shi da sokawe na ban-ɗaki, domin haɗawar ce take sa masai ya tumbatsa a Agusta ya gurɓata rijiya. Kafin a kashe kuɗi a gwada: a haƙa ɗan rami da damina a cika shi da ruwa, in ya kwana bai ragu ba, ko kuma ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa kamar yadda yake yi a unguwannin kwarin Jakara, to ramin shanyewa ba zai yi aiki a nan ba, sai tanki da mafita mai kyau.

A irin waɗannan unguwanni na kwari gida ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba, kuma nan ne tsohuwar ƙa'idar haƙƙin maƙwabci take da aiki. Kafin kowa ya ƙara ciko, mutanen lungu su zauna da mai unguwa da birkilan da ya iya awo da tiyon ruwa, a gano gidan da ya fi kowane ƙasa, a tsayar da zurfin kwatar lungu daga rariyarsa, a amince cewa ba wanda zai ɗaga gabansa ya tare na sama ko ya juye wa na ƙasa. Kududdufan da suka rage kuma, hukumar tsara birane ta jiha tana da ikon sa su a taswira a matsayin wuraren da ba a bayarwa, a yashe su, a kewaye su saboda yara, a datse kwatocin ban-ɗaki da suke zuba a ciki, a yi musu bututun da zai rage ruwan cikin 'yan kwanaki bayan an ɗauke, kafin ƙwan sauro ya kai ga tashi.